Bindigar Ƙanena da Idon Orrin

Mai girma shugaban taro, Mista Harlan Boyce, mai girma magajin garinmu, Fasto Ames, dattawan ƙungiyarmu ta masu harbi da bindigar ɗuri, iyayenmu mata da suka wuni a bakin murhu, 'yan'uwana makiyaya da manoman wannan kwari na Montana, barkanmu da yamma.

Ina godiya da kuka bar shanunku da gonakinku kuka zo, ina kuma godiya da kuka ba ni wannan dama, ko da yake da ina da zaɓi da na zauna a can baya na sunkuyar da kai. Ni ne Lyle Haugen, mai kula da filin harbi, kuma yayan Wendell Haugen. Kujerarsa ce kuke gani babu kowa.

Abu na farko shi ne abin da ya faru, domin a daina jin sa a bakin shago. Kun san bindigoginmu sababbin ƙira ne a kan fasalin na kakanninmu, ana ɗura su ta baki da baƙin albarushi da harsashin dalma. Kun san kuma babu mai haƙurin gyara su kamar ƙanena. Ya sauya wa tasa ma'aunin saiti, ya sassauta kunama, ya yi ta narka dalma har ya sami harsashin da ya gamshe shi. Duk wannan halal ne, dokarmu ta yarda. Amma allon harbin da ke nisan yadi dubu ya ƙi ba shi abin da yake so, iskar kwarin nan tana kwashe masa harsashi. Sai ya fara gauraya albarushin zamani marar hayaƙi a cikin baƙin, abin da ƙarfen irin bindigarmu ba ya iya ɗauka. Ranar gasar kaka, bayan ya riga ya ci mana kofin bana, bindigar ta fashe. Wendell ya tsira da ƙuna a hannu. Orrin Tackett, amininsa tun suna makaranta, wanda ke kwance a gefensa yana duba masa allo da madubin hangen nesa, ya rasa idonsa na dama.

Abu na biyu ya fi nauyi, domin bai tsaya kan Wendell ba. Duk mun gani. Idan ɗayanmu ya harba, hayaƙi kan rufe shi har sai iska ta kore, amma bana Wendell yana harbawa muna ganin fuskarsa sarai. Mun gani muka yi tafi, mun gani muka ɗaga kofi, mun gani muka mayar da abin wasa. Na ji da kunnena wani yana ce masa, “Kai Wendell, bindigarka ta daina shan taba ne?” Ya ce, “Likita ya hana ta.” Muka bushe da dariya. Matata Darlene kaɗai ta ja ni gefe ta ce, “Baban yara, ƙarar bindigar ƙanenka ba irin taku ba ce. Ka duba mana.” Na ce da ita, “Ke dai ki bar mu mu ci gasa ko sau ɗaya.” Duba bindigogi aikina ne, jama'a. Garuruwan maƙwabta sun daɗe suna yi mana dariya, muka ji daɗin nasara, muka kau da kai.

Abu na uku shi ne hukunci. Dattawa sun yanke cewa a mayar da kofin bana ga waɗanda suka zo na biyu, Wendell kuma ba zai sake harbi a filinmu ba. Ni ma na ajiye muƙamina daga yau.

Ni aka aika in kai wa Orrin wannan labari. Na same shi a barandar gidansa, rabin fuskarsa a naɗe, na kasa haɗa ido da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “To, kun hukunta shi, madalla. Ni kuma fa? Ɗaya idon yana nan, ai bai mutu ba. Sai dai ƙotar bindigata ta kafaɗar dama ce. Ka ce wa wawan nan ya daina ɓuya a rumbu kamar kaza, ya zo ya auna ni ya sassaƙa min ta hagu.”

Na faɗa wa Wendell. Ya ce, “Yaya, da wace fuska zan shiga gidan?” Na ce, “Da wadda kake da ita.” Jiya na raka shi. Matar Orrin ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma tana da gaskiya, amma ta buɗe ƙofa. Wajen awon Wendell ya kusa taɓa masa ido, har Orrin ya ce, “Ka tsaya cak mana, ko so kake ka tsone min ɗayan?” Wendell ya kifa kansa a kafaɗar mutumin ya fashe da kuka.

Allah ya ba Orrin lafiya, ya sanyaya zuciyar iyalinsa. Allah ya yafe wa ƙanena, ya yafe mana mu da muka yi shiru. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.