Na Ji Tsoron Hannuwana

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Ishaya. In kun ji muryata na rawa, ku yi mini haƙuri.

Shekara goma sha huɗu na yi ina shiga ramin ma'adinai a Akokan. Ko sau ɗaya ban taɓa ɗaukar ƴaƴana ban yi wanka ba, don tsoron ƙurar ramin. Matata Hannatu har tsiya take mini, wai na fi agwagwa son ruwa.

Da aka rufe ramin, sai na sayi awaki. Bayan damina suka fara ɓari ɗaya bayan ɗaya. Ni da na san dutse ban san dabba ba, na ce zai wuce. Kowace safiya sai in tatso madara, in miƙa wa ɗana Dauda da ƙanwarsa Rahila da ɗuminta, ba tafasawa.

Zazzaɓi ya kwantar da su biyun. Muka ɗauka na sauro ne, sai da jini ya ɓalle wa Dauda ta hanci da dasashi. Da muka kai su asibiti, lokotoro ya ce cutar daga dabbobin take. Rahila ta tashi. Dauda, ɗan shekara bakwai, bai kai Lahadi ba.

Wayyo ni! Na tsare shi daga ƙura, na miƙa masa ajalinsa a ƙoƙo!

Na daina zuwa sujada, na kama giya. Na tsani hannuwana. Ko ƙosai ban yarda in miƙa wa Rahila ba, in ta nufo ni sai in kauce.

Wata rana da hantsi ta tsaya nesa da ni, ta ce, "Baba, ai lokotoro ya ce na warke. Har yanzu ƙyamata kake?"

Nan na zube ƙasa. Na ce, "Ya Yesu, na rasa ɗaya, ga ni ina jefar da ɗayar! Ka gafarta mini, ka karɓi hannuwan nan!" Na buɗe su, ta rugo ta faɗa ciki.

Tun ranar ban koma ga kwalba ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe ina kukan Dauda. Amma na gode wa Ubangiji da bai bar ni na yi rashi biyu ba.

Ƴan'uwa, ku tafasa madara, ku kai yara likita da wuri, ku riƙe Yesu ko da zuciya ta karye. Ga Rahila can kusa da uwarta. Yau da safe, ni na ba ta koko da hannuna. Yabo ga Ubangiji!