Na Bar wa Allah, Amma Ban Yafe Ba

Ina gaida mai gabatar da shiri da duk masu sauraro. Sunana Bitrus, Kirista ne ni, ina gyaran babur a Tambuwal.

Bara muka yi faɗa da maƙwabcina kan filin shago, sai ya je ya ce wa ’yan sa-kai ni nake kai wa ɓarayin daji labari. A tsakiyar kasuwa aka ɗaure ni, aka yi ta dukana har kunnena na hagu ya daina ji. Daga baya mai unguwa ya wanke ni, amma mutumin ko haƙuri bai ba ni ba.

Da na warke, na sayi fetur zan je Jabo, garinsu, in ƙone rumbunsa na gero. Innata ta tare ƙofa, ta ce, “Mi za ka yi da wanga mai? Zauna.” Ta buɗe Littafi Mai Tsarki, ta karanta mini inda aka hana mu ramawa da kanmu, don sakayya ta Ubangiji ce. Na ce, “Inna, sai yaushe?” Ta ce, “Lokaci nai ne, ba naka ba.”

Na fasa tafiya, amma ban yafe ba. Kullum maƙwabcin nawa yana wuce shagona yana dariya, zuciyata tana tafasa. Na bar wa Allah ne don hukuncinsa ya fi wutata zafi, kuma ina roƙon ya bar ni da rai in gani da idona.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Wannan jiran da nake yi, haƙuri ne ko ramuwa?