Masaukin Mutanen Tsamiya

Sabuwa: Alo? Alo, Yaya Ayuba?

Ayuba: Salamu alaikum. Sabuwa ta? Tsaya in hau bisa tudu, rezon waya babu kyau nan cikin gida. To, kina ji na?

Sabuwa: Ina jin ka yanzu. Ina wuni, Yaya? Ina gajiya?

Ayuba: Lahiya lau, ba gajiya. Ina mutanen Madawa? Ina maigidanki Tasi'u, ina ɗiyata Husna?

Sabuwa: Duk lahiya. Husna ta tahi lakkwal karatu. Ina mutanen Karohwane? Kun gama kai hatsi rumbu?

Ayuba: Mun gama, Alhamdu lillahi. Wai wane ihu nika ji bayanki? Hwaɗa aka yi gidanku?

Sabuwa: Tele ta nika kallo, Yaya. Bari in rage murya. Ina Inna?

Ayuba: Inna... tana nan.

Sabuwa: Yaya, wagga "tana nan" taka ba ta yi mani daɗi ba. Jikin na?

Ayuba: Jikinta lau. Abinci dai taƙ ƙi. Tun da masu aikin hanya sunka zo, hura kaɗai taka kurɓa, ita ma sai an yi da gaske.

Sabuwa: Waɗanne masu aikin hanya?

Ayuba: Za a hwaɗaɗa hanyar latarit, ta jar ƙasa, da tab bi ta gehen gonarmu. Sun shahwa jan fenti jikin tsamiya. Jibi buldoza za ta iso wurin.

Sabuwa: Tsamiyar Inna? Innalillahi! Kuma ba ka kira ni ba?

Ayuba: In ce maki mi? Icce na. Ni abin da ya dame ni daban: motar Abijan da zan shiga sati mai zuwa za ta tashi, cin rani ba ya jira. Na ce mata, Inna, ki koma Madawa wurin Sabuwa, kar in bar ki ke ɗai. Tac ce ba ta zuwa ko'ina. Kin san amsarta ta kullum.

Sabuwa: "Wa zan bar ma mutanen tsamiya?"

Ayuba: Wala, ita ke nan. Nic ce mata, to yanzu ai tsamiyar ma za ta tahi, kin huta. Sai tad dube ni kamar na zage ta. Tun sannan ba ta ƙara yi mani magana mai tsawo ba.

Sabuwa: Haba Yaya, kai ma! Wurin da taka shara tun kan a haihe mu? Ko ƙiraren da sunka hwaɗo ba ta bari a ɗauka.

Ayuba: To mi za ni yi? Kakanninmu Anna na, ba su salla, sun yi yankansu gindin iccen, ya wuce. Mu Allah ya shirye mu. Ita kanta Inna ba ta hwashin salla. Ban son mutane su... alo? Alo?

Sabuwa: Ina nan, ka ɗan ɓace. Kac ce mutane su mi?

Ayuba: Su ce gidan Ayuba ana tsahi.

Sabuwa: Yaya, bari in ba ka labarin abin da nika kallo.

Ayuba: Ke Sabuwa! Ina maki zancen uwarki, kina mani zancen tele?

Sabuwa: Saurara dai. Wani him na, wasan kwaikwayo, da aka nunawa kowane sati. Wai can gaba, duniya ta cika da gini. Babu daji, babu tabki, babu kurmi ko ɗaya. To duk halittun ɓoye sun rasa wurin zama: dodon ruwa, wata mai kama da hayaƙi, wani tsoho da shika kwana cikin dutsi. Sai anka ƙera wani bato, jirgi babba mai yawo sama, ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da irin iskarshi da irin ƙasarshi. Nan aka sabke su.

Ayuba: Otel ɗin aljannu ke nan. Su Nasara ba su rasa abin yi.

Sabuwa: Mai tsaron wurin robo na, mutum-mutumin ƙarhe. Ba ya roƙon su komi, ba ya durƙusa masu. Wanda duk yaz zo, tambaya biyu shika yi mai: mi kaka ci, mi kaka tsoro? Shi ke nan, sai ya ba shi ɗaki.

Ayuba: To, sai mi?

Sabuwa: Na satin da yaw wuce, akwai wata tsohuwar halitta bakin wani tabki da za a cike. An buɗe mata ƙohwa, taƙ ƙi shiga. An yi lallashi, an yi barazana, tana zaune. Kowa na cewa taurin kai na. Robo kaɗai yaz zamna kusa da ita yana kallon inda taka kallo. Ashe wasu 'yan ƙanana na cikin taɓo, ita ka tsaron su. Da yak kwashe su cikin bokiti yash shiga da su, ba wanda yac ce mata taso. Da kanta tab biyo.

Ayuba: Da kanta...

Sabuwa: Yaya? Rezon ya tahi?

Ayuba: Bai tahi ba. Ina jin ki.

Sabuwa: Wallahi da nig gani sai da niy yi hawaye, Tasi'u na yi mani dariya. Inna nit tuna. Mun daɗe muna jan ta, ba mu taɓa tambayar abin da taka tsaro ba.

Ayuba: Mun sani mana. Iskoki.

Sabuwa: Mun san sunan, ba mu san mi taka so a yi masu ba. Ka taɓa tambayar ta?

Ayuba: Ban taɓa ba. Ina tsoron amsar. In tac ce a yanka baƙin bunsuru hwa? Ni ban yi, Sabuwa, ko da uwata ta.

Sabuwa: Ni ma ban yarda da yanka ba. Amma tambaya ba bauta ba ta. Kai mata wayar.

Ayuba: Tana bakin rumbu. Tsaya in sabko, in rezo ya yarda. Inna! Ga Sabuwa. A'a, ki kihe ta ga kunne, ba ga baki ba.

Inna: Sabuwa? Ke ta?

Sabuwa: Ni ta, Inna. Ina wuni? Ina ƙarhin jiki?

Inna: Da godiya. Ina maigidanki? Ina Husna, takwarar ƙanwata?

Sabuwa: Suna gaishe ki. Inna, an ce kin bar tuwo.

Inna: Wanda baƙinai za su kwana hili, tuwo na wuce mai?

Sabuwa: Inna, gaya mani. Mi ya kamata a yi masu?

Inna: Yau kunka tambaya? To. Ba su son jini, wancan zamani ya wuce, ni da hannuna ban taɓa zuba masu ko tsaki ba. Kakan kakanku ya iske su nan, sunka bar shi yay yi gona. Amana ta zama tare. In za a kada icce, sai a jingina gatari jikinai, a yi masu sallama, a ce ku kwashe ɗiyanku. Sannan a ɗauki dutsi guda daga gindin, a kai shi inda anka yi masu masauki. Su bi dutsin. Shi ke nan. To ni in ce masu su tashi su tahi ina? Ko'ina gona, ko'ina hanya.

Sabuwa: Su zo gidana.

Inna: Gidanki? Cikin birni, bakin gudro, hanyar kwalta?

Sabuwa: Muna da dogon yaro tsakar gida, inuwa lumshi.

Inna: Wa yash shuka shi?

Sabuwa: Tasi'u.

Inna: Wanga icce bai yi ba. Ba su zama iccen da hannu yad dasa. Mai shi na iya cewa nawa na, ya sare ran da yag ga dama.

Sabuwa: Ayya... To Inna, akwai wata 'yar magarya bayan ɗaki, wajen katanga. Ba ta da girma, ta dai hi ni tsawo kaɗan.

Inna: Ita wa yash shuka ta?

Sabuwa: Ba kowa. Ita tah hito. Tasi'u ya so ya cire ta saboda ƙaya, nih hana.

Inna: Kuna zuba ruwan zahi wurin?

Sabuwa: A'a.

Inna: Makewayi na kusa?

Sabuwa: Yana can ɗayan gehen.

Inna: Maigidanki hwa? Ba a kai ma mutum baƙi gidanai bai sani ba.

Sabuwa: Ga shi nan zaune, duk yana ji. Yac ce in gaya maki dutsi guda bai cika mai gida ba.

Inna: Allah shi yi mai albarka. Ayuba! Karɓi abinka. Ina gatarin ubanka?

Ayuba: Alo, Sabuwa? Mi kic ce mata? Ta miƙe tana neman gatari.

Sabuwa: Jingina shi kawai za a yi, Yaya. Ba yanka, ba roƙo. Sallama ta, irin wadda aka yi ma maƙwabci.

Ayuba: Na ji da kunnena. In wanga na kaɗai... zan raka ta. Gobe sai in ɗaura dutsin bayan babur in kawo maki.

Sabuwa: Madalla. Sai ka...

Ayuba: Tsaya, tana magana. Na'am, Inna? ... To. Wai ba a ɗaura shi kamar buhun albasa. Wai wanda yay yi sallamar shi ka riƙe shi bisa cinya har masauki.

Sabuwa: Wato ita za ta kawo shi?

Ayuba: Haka nij ji. Inna, in kin kai ki kwana biyu ki huta, sannan... Na'am?

Sabuwa: Mi tac ce? Yaya, kiredin wayata ya kusa ƙarewa, yi maza!

Ayuba: Wai baƙo bai sanin gari da wuri, sai da wanda yas saba da shi kusa. Tac ce in sabko mata da akwatinta da tabarmar salla.

Sabuwa: Allahu Akbar. Yaya...

Ayuba: Kar ki yi mani kuka cikin waya. Ga ta can ta buɗe kwanon tuwon rana. Tana cewa ki share wuri biyu, ɗaya gindin magarya, ɗaya...

Sabuwa: Ɗakin Inna? Na share, wallahi tun bara na share shi! Ce mata... Alo? Yaya? Alo?