Yadda Na Halarci Gayyar Burkusuma Daga Tamanrasat

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wanga taro. Mai girma wakilin shugaban ƙaramar hukumar Sabon Birni. Mai girma wakilin uban ƙasa, da masu unguwanni da sunka rako shi. Malam liman da na'ibinshi. Jami'in ilimin manya, wanda muke ƙarƙashin kulawarshi. Malaminmu Malam Anas, wanda ya kama hannuna da hannunshi har na fitar da baƙin farko na sunana. Malama Basira ta ajin mata. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. Baƙinmu na Isa da Tozai da sunka sha hanya bisa babura. 'Yan'uwana ɗalibai da ake yayewa yau. Da sauran jama'a, na kan kujeru da na tsaye bayan rumfa: ina gaishe ku gaba ɗaya, kowa gwargwadon matsayinshi.

Sunana Attahiru Yari Burkusuma, shugaban ɗalibai na ajin maza. Wanga jawabi da kuke gani hannuna, ni na rubuta shi tun daga bisimilla har ƙasan takarda. Malam Anas ya duba, ya gyara wurare kaɗan, sauran kuwa ya bar shi yadda ya fito daga hannuna. In kunka ji na tsaya, ba mantuwa ba ce, ina girmama aya ne, don an koya muna cewa aya hakkinta a tsaya mata.

Ina gode ma Allah da ya nuna muna wagga rana. Ina gode ma hukuma da ta ba mu aji da allo da benci. Ina gode ma malamai da sunka yi haƙuri da manya masu gemu, waɗanda hannunsu ya saba da hauya har alƙalami ya zame masu abin tsoro.

An ba ni dama in zaɓi abin da za ni yi magana a kai. Na zaɓi zumuncin matafiyi da abokanshi na gida, domin da wuya ka shiga unguwa a ƙasar Gobir ba ka iske gidan da ke da mutum waje ba, wani Agadas, wani Libiya, wani Abijan, wani Aljeriya. Ni kaina na yi shekaru a Tamanrasat ta Aljeriya ina aikin gini, saboda haka ba labarin da na ji za ni kawo maku ba, labarin da na taka da ƙafata ne.

Magana ta farko ita ce, aike daban, zumunci daban. Matafiyi shina ɗauka in ya aiko da dabino da turare da takalma ya sauke nauyi. Haka akasarinmu muka ɗauka can, kuma ni na fi kowa aike a ɗakinmu, waɗanda sunka zauna da ni sun sani. Amma aboki ba buhu ba ne da za ka cika ka ɗaure baki. Abin da yake so shi ne ya ji kana cikin abin da ake yi.

Magana ta biyu ita ce hujjar ta farko, kuma ina roƙon shugaban taro ya ƙara mani haƙuri, don tana da ɗan tsawo.

A Burkusuma muna da gayya ta sa'o'in juna, tun muna samari. Damina in ta kama, mukan zagaya gonakinmu ɗaya bayan ɗaya, mu yi noman firi, wato na farko, mu dawo mu yi maimai. Dokarta guda ce: wanda bai zo gonar wani ba, ba a zuwa tashi. Shugabanmu shi ne Dalhatu, ga shi can zaune kusa ga lasifika. Ni kuwa aikina a gayya, ban da noma, shi ne kirari. Ina son jama'a su fahimta, ni ba maroƙi ba ne, ban gada ba, ban taɓa karɓar ko goro don shi ba. Baiwa ce kawai Allah ya yi mani, in na ɗaga murya sai kasala ta bar jikin mutum.

Da na yi tafiya, gonarmu ta arewa da gari ta koma hannun mahaifiyata, tsohuwa mai ciwon gwiwa, kuma daga wannan gona take ci har wata damina. Shekarun farko abokaina sunka yi kara, sunka nome mata ba tare da ni ba. Sai wata damina na bugo waya gida, na ji muryarta ba daidai ba. Ta ce hatsi ya fito da kyau, amma haki ya fi shi fitowa, kuma 'yan gayya sun wuce ta bakin gonar da hauyoyinsu ba su tsaya ba.

Nan take na nemi Dalhatu. Bayan gaisuwa na ce mashi, "Sarkin gayya, dabinon da na aiko bai iso ba ne?"

Ya ce, "Ya iso, Attahiru, mun ci, mun gode. Amma dabino ba shi riƙon hauya."

Na ce, "To za ni sa a ɗauki ɗan ƙwadago ya tsaya a madadina, ƙaƙƙarfa, wanda ya fi ni."

Ya ce, "Wanda ya fi ka noma ai ba wuyar samu garai ba. Mu ba ƙwadago muke yi ba, gayya muke yi. Rabonmu da muryarka tun haihuwar ɗan farina, yanzu yaron shina bin awaki. Mutanen sun ce wanda ba a ji ba a gani, ya fita."

Jama'a, ku duba wanga lamari. Ga hatsin tsohuwa haki na shaƙe shi, ga matsayina cikin sa'o'ina ana shirin shafewa, ga sahara tsakanina da gida, wadda ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya ƙetare ta.

A nan ne Allah ya kawo abokina Jibrilla, Bafillacen da ke gayya tare da mu, don shi ma shina da gona ban da shanunshi. Jibrilla ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya tsaya gaban mutane ya ce, "Ku gaya mani gaskiya, da can da Attahiru ke nan, hauyarshi muke jira ko bakinshi?" Sunka ce bakinshi. Wannan amsa ban yarda da ita duka ba, amma na rubuta ta yadda anka faɗe ta, domin an koya muna riƙon amana wajen rubutu. Jibrilla ya ce, "To in bakin ya zo, ya zo ke nan." Dalhatu ya ce ya amince, da sharaɗi guda: in fara da su tun kunyar farko, kar in sauka sai an kai ta ƙarshe. In murya ta yanke don ganin damata, a ɗauke hauyoyi a tafi.

Kun san yadda sha'anin waya yake wajenmu. Sau da yawa sai an nemi sabis ɗin waya na Nijar, abin da muke ce ma rezo. A duk faɗin gonar nan, wuri guda rezo ke kamawa, bisa wani tsohon suri a gefen arewa. Jibrilla ya kafa sandarshi ta kiwo a kan surin, anka ɗaure waya jikinta da igiyar rama, anka haɗa ta da 'yar lasifika irin ta masu tallar magani ranar kasuwa.

Ni kuma can na nemi izinin safiya guda wajen maigidana, wani Balarabe mai kirki amma mai son tambaya. Na hau rufin benen da muke ginawa, na cire hula, na gyara tsayuwa, na fuskanci kudu. Da na ji ganga ta tashi cikin waya, wallahi sai na ji ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, alhali ba komai gabana sai siminti da duwatsu. Na fara da Dalhatu. Na ce, "Dalhatu na gabas da gari, bajimin da hauyarshi ba ta san inuwa ba, kai ka fara, kai ka ƙare!" Na ji an yi sowa. Na bi su ɗaya ɗaya, da sunan uwa da na kaka, ban tsallake kowa ba.

Sai dai akwai abin da ba mu lissafa ba, daga ni har Jibrilla. Mai kirari da ido yake aiki. Shina ganin wanda ya wuce gaba ya yabe shi, shina ganin wanda ya rage baya ya zuga shi. Ni kuwa ba ni ganin komai. Don haka sai na yi amfani da hankali. Na tuna Hafizullahi shi ne mafi ƙarfinmu lokacin da na bar gida, na ce lalle shi ke gaba. Na zuba mashi kirari, na ce ya bar maza baya, na ce ƙura kawai suke gani, na ce ƙasa na neman afuwa wajenshi. Sai na ji ganga ta tsaya, dariya ta cika waya.

Ƙanwata Fatu, wadda ta kawo fura daga gidan mijinta, ta hau surin ta sa baki jikin waya ta ce, "Yaya, Hafizun da ka sani ya yi tumbi. Ga shi can gindin gawo da ludayi a hannu, tun ɗazu bai duƙa ba."

Na jiyo Dalhatu daga nesa shina cewa, "Ci gaba, Attahiru, kar ka fasa. Furar ce ke neman afuwa wajenshi."

Wani mai kirari da ya ruɗe. Ni ban ruɗe ba. Na ci gaba da yabon Hafizullahi kamar ban ji ba, na ƙara murya, na ambaci kakanshi da ya yi suna wajen noma. An shaida mani cewa ya aje ludayi, ya duba dama da hagu ya ga mata na rufe baki da gyale, ya ce, "Wanga mutum zai kashe ni daga Aljeriya." Ya ɗauki hauya ya shiga kunya, kuma bai ɗago ba sai da ya wuce kowa, har Dalhatu. Abin da na faɗa a kan kuskure, sai ga shi ya tabbata.

Daga nan Fatu ta zama idona. Ta ce wane ya gaji, in zuga shi. Ta ce wane ya tsallake haki, in ambaci sunan surukinshi. Can kuwa Tamanrasat, maƙwabta sunka fito suna kallon sama, maigidana ya hauro da sauri ya ɗauka faɗa nake yi da wani. Na nuna mashi da hannu cewa noma nake yi. Ya dubi rufin siminti, ya dube ni, ya sauka, ya aiko mani da shayi. Rana ta take, murya ta dushe, rezo ya ɗauke ya dawo, Jibrilla na juya sanda kamar mai neman alƙibla, amma ban sauka daga benen nan ba sai da Dalhatu da bakinshi ya ce, "Kunyar ƙarshe ta faɗi. A rubuta Attahiru ya zo." Ba wanda ya iya rubutu cikinmu lokacin, amma haka ya ce.

Wannan shekara rumbun tsohuwa ya cika. Kuma na halarci gayyar kowannensu ta wannan hanya har damina ta fita, domin doka doka ce.

Magana ta uku gajera ce, kuma ga 'yan'uwana ɗalibai take. Can waje, in za ni kiran aboki sai na nemi wanda zai duba mani sunanshi cikin waya, kuma wanda ya duba maka suna yakan tsaya ya ji zancen. Yanzu da hannuna nake neman wanda nake so, da hannuna nake rubuta mashi gaisuwa. Saboda haka ina kira gare ku, wanda zai tafi da wanda zai zauna: ku kira ranar suna, ku kira ranar gayya, ku kira ranar da babu komai. Kar ku bari sai buƙata ta taso. Ku tambayi wanda ya yi tumbi da wanda ya rame, don kar ku yabi mutum da labarin da ya tsufa. Ku kuma na gida, matafiyi in ya kira, ku ba shi labari har na akuyar da ta haihu, don a can ƙaramin labari abinci ne.

Ina sanar da wanga taro mai albarka cewa in an kai amfanin gona gida, za ni koma Tamanrasat. Na tambayi Dalhatu ko gurbina na nan, ya ce shina nan muddin murya na zuwa. Na so a ji wannan a gaban manya, shi ya sa na sa shi cikin jawabi.

Allah ya tsare matafiyanmu inda duk suke, ya maido su lafiya. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa manomi ya tafi gona da kwanciyar rai, makiyayi ya dawo da dabbobinshi cif. Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya saka ma malamanmu da shugabanninmu da alheri, ya mayar da kowa gidanshi lafiya, na kusa da na nesa.

Wanda ke shakkar abin da na faɗa, shaidu na nan cikin rumfa. Akwai Dalhatu shugaban gayya, wanda ya kafa sharaɗi. Akwai Jibrilla, wanda ya riƙe sanda tun safe har rana ta take. Akwai Fatu, can cikin ajin mata, ita ma yau ake yaye ta. Akwai kuma Hafizullahi, wanda ya roƙe ni jiya in cire sunanshi daga wagga takarda, na ce mashi da biro na rubuta.

Na gode.