Kalmar da Jikata Ta Kira Ni da Ita

Mai girma shugaban taro, malamarmu mai haƙuri, manyan baƙi, 'yan'uwana ɗaliban ajin Turanci na manya, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka zaɓi tsohon kafinta ya yi magana a madadinku ranar rufe aji. Kun sha tambayata abin da ya kawo ni makaranta da furfura. Yau zan faɗa.

Tun rasuwar mai ɗakina ni kaɗai nake gida, kujera ɗaya, kofi ɗaya. 'Yata tana aure a ƙasa mai nisa, jikata kuwa ba ta jin Hausa. Wata rana suka kira ni a waya ta bidiyo. Na ce, "Ina amaryata?" Yarinyar ta leƙo, ta ce "scary", ta ruga bayan kujera. Na tambayi uwarta ma'anarsa, ta ce, "Ba komai, Baba, shirmen yara ne." Amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Kalmar nan na riƙo a bakina har ajin nan. Da na tambayi malama, ta ce, "Baba, abin tsoro ke nan." Ranar ban iya cin abinci ba.

Sai dai ba ta bar ni haka ba, ta rarrabe mini kalmomin. Na farko, "startle" razana ce ta farat ɗaya, kamar katako ya faɗi a bayanka. Na biyu, "intimidate" shi ne ka nuna wa mutum ƙarfi har gabansa ya faɗi, "threaten" kuma barazana ce ƙiri-ƙiri. Na uku, wanda ya sanyaya mini rai, abu yana iya zama "scary" alhali bai nufi kowa da sharri ba.

Sai na binciki kaina. Ƙarar injin yankan katako ta cinye mini kunne, magana nake kamar mai kiran wani a hayin kogi. Wayar kuma manna ta nake a fuska, yarinya ba ta ganin komai sai hanci da gemu. Ni ma da na gudu!

Yanzu nakan jingina wayar da gwangwanin ƙusa, in ja baya, in sassauta murya. Makon jiya na ce wa jikata, "Don't be scared," wato kada ta ji tsoro. Ba ta gudu ba. Ta buɗe baki ta nuna mini giɓin haƙorin da ya fita. Da aka kashe wayar, ɗakin ya yi tsit kamar kullum, na daɗe zaune ina murmushi, babu wanda zan ba labari. Shi ya sa na ba ku.

Allah ya saka wa malama da alheri, ya raya mana zuri'a, ya kusanto mana da na nesa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.