Tukunyar da Za a Fara Ɗorawa

A ɗakin jiran likitan haƙori, wata budurwa tana ta rubutu a ɗan littafi. Wata dattijuwa a gefenta tana leƙe, hannunta dafe da kunci.

"'Yata, duk wannan aikin yau ne?"

"Na jiya ne, Mama. Ban gama ba, shi ne nake sake kwafowa. Guda sha huɗu."

"Sha huɗu! Ni shekara ashirin ina dafa wa ɗalibai abinci, murhu uku gare ni. Ban taɓa ɗauko tukunya ta huɗu ba, don ba ta da wurin zama. Zaɓi uku, sauran su jira."

"Ai duk masu muhimmanci ne."

"Wanne kika fi daɗewa kina kwafowa?"

Budurwar ta ɗan yi jim. "Kai wa malamina aikin kammala karatu ya duba. Sati biyar ke nan. Faɗansa nake tsoro."

"To shi za ki fara ɗorawa. Abin da kike tsoro shi ya fi cin wuta, tun da safe ake ɗora shi."

Ma'aikaciya ta leƙo ta kira lamba bakwai. Dattijuwar ta dubi takardarta, ta dunƙule.

"Shiga kawai, 'yata, ni ba sauri nake ba."

"Mama, tun yaushe haƙorin nan yake damunki?"

"Tun bara."

Budurwar ta rufe littafin, ta miƙa mata hannu. "Tashi mu je, Mama. Murhu ya samu, tukunyarki za mu fara ɗorawa."