Takalmin da Ya Ƙi Sakin Feda

A rumfar mai gyaran keke, mutum biyu suna jira. Ɗaya ya dubi keken ɗayan.

"Malam, sirdin keken tserenka ya yi maka tsawo."

"Sirdi mai sauƙi ne. Takalmin nan mai maƙalewa a feda nake so a sassauta."

"Me ya yi maka?"

"Jiya baban matata ya tsaya bakin titi, ya miƙo mini hannu. Na murɗa ƙafa, na murɗa, ta ƙi fita. Sai na ɗaga masa hannu na wuce, kamar wani sa'ana. Har yanzu matata ba ta kula ni."

"Subhanallahi! Ai gara ka faɗi a gabansa."

Mai keken ya sunkuyar da kai.

"Na faɗi fa. Sai da na sha kwana, inda ba zai gani ba."